Daga Yatsan Freyer zuwa Hasken Leza: Tarihin Aikin Furostat da Dattawan Briqueterie

Hausawa sun riga asibiti zuwa Yawunde. Tun Jamusawa na kafa sansaninsu a ƙasar Ewondo, a ƙarshen shekarun 1880, fatake suka fara gangarowa daga Adamawa ta Banyo da Tibati da Yoko, suna neman hauren giwa da goro da roba. Wasu suka koma gida, wasu suka yi aure suka zauna. Jamus ta rasa garin a farkon 1916, Faransa ta mai da shi hedikwata a 1921, kuma a zamanin Faransar ne zangon Hausawa ya kafu a Ekoudou, inda aka taɓa gasa bulo, wurin da kowa ke kira Briqueterie a yau. Babban asibitin gari, Hôpital Central, sai a 1933 aka buɗe shi wajen Messa, tafiyar ƙafa daga unguwar. Kafin nan, har ma bayan nan da daɗewa, dattijon da fitsari ya ɗaure masa wanzami yake aika wa, ko mai saiwoyi, ko a karɓo masa rubutu wajen malam.

Yanzu unguwar ta cika ta batse har ta haɗe da Tsinga, inda aka buɗe babban masallacin da Saudiyya ta gina a 1997. Teloli ne, 'yan yadi ne, masu tsire da kilishi ne, kowa da harkarsa. Amma wanda ya saba sallar Asuba a masallatan wurin ya san wani jinkiri da ba a maganarsa. Dattijo ya daɗe a makewayi, ya fito ya ɗaura alwala, ya ji ɗigo, ya koma. Cikin dare ya tashi sau huɗu ko biyar. In tafiya ta kama shi zuwa Ngaoundéré a jirgin ƙasa na dare, tun la'asar zai ƙaurace wa ruwa. Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan hali, har Risala ta Ibn Abi Zaid ta sauƙaƙa wa wanda fitsari ke zubo masa ba da sonsa ba, ta so masa sabunta alwala ga kowace salla. Fiƙihu ya raba shi da waswasi, amma abin da ya tare hanya yana nan yana girma.

Abin da ya tare hanyar wata 'yar tsoka ce da likitoci ke kira furostat. Maza kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, aikinta kuwa ba da wani sashe na ruwan maniyyi. A jikin saurayi nauyinta bai wuce giram 20 ba. Daga shekara arba'in zuwa sama sai cikinta ya fara tsiro, a wasu ya kai giram 60, a wasu 100, a wasu ya zarce 200. Binciken gawarwaki ya nuna kusan rabin maza masu shekara hamsin da wani abu suna da wannan tsiro, waɗanda suka haura tamanin kuwa kusan tara cikin goma. Ba kansa ba ce, ba ta kuma rikiɗa ta zama kansa. Illarta matsi ne: fitsari ya raunana, mafitsara ta yi ta yunƙuri har ta gaji, saura ya riƙa kwana a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, tsakuwa ta taru, ruwan ya koma sama ya danne ƙoda. Wata rana kuma, sau da yawa bayan doguwar tafiya ko shan maganin mura, hanya ta rufe ruf, mara ta kumbura, mutum ya kasa zama ya kasa tsayuwa.

Shekaru dubbai ɗan Adam ba shi da wata dabara a irin wannan dare sai bututu. Likitan Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya siffanta bututun azurfa siriri mai santsi da ake shafa wa mai a zura, Ibn Sina kuma ya yi maganar mai taushi da ake yi da fata. Suna buɗe hanya ba tare da sun san ainihin abin da ya rufe ta ba. Sai a 1536 wani likitan Venis, Niccolò Massa, ya bayyana tsokar a rubuce, kuma sai a 1761 Morgagni na Padua ya nuna sarai yadda kumburinta ke hana tsofaffi fitsari. A ƙarni na 19 Faransawa suka gyara bututun. Mercier ya lanƙwasa bakinsa don ya haye kan kumburin, Nélaton ya yi shi da jar roba mai laushi, maƙerin kayan tiyata Charrière kuma ya sa masa ma'auni. Duk wanda ya taɓa sayen robar fitsari a kantin magani a Yawunde ya ga an rubuta CH 16 ko CH 18 a jikin ledar. Harufan farko ne na sunan wannan maƙeri, kowace lamba kuma kashi ɗaya ce cikin uku na milimita.

A Landan da Faris na wancan zamani attajirai kan yi yawo da robarsu a cikin hula ko a ramin sandar hannu, su zura da kansu sau da yawa a yini. Ba a san tafasa kaya ba, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka da yawansu zazzaɓi da lalacewar ƙoda ke gamawa da su cikin 'yan shekaru. Na tsaya a kan wannan ne domin zamanin bai shuɗe ba. Dattijon da aka sa wa roba a ɗakin gaggawa, aka ce ya dawo da kuɗin aiki, ya koma gida da jakar fitsari ɗaure a cinya ƙarƙashin babbar riga, yana zuwa canji duk wata, shekara ta zagayo bai haɗa kuɗin ba, wannan a ƙarni na 19 yake zaune, ko da wayar salula a aljihunsa.

Kafin a gano aikin da ya dace an yi ta lalube, wani laluben ma abin tsoro. John Hunter na Landan ya lura tun 1786 cewa dabbar da aka fiɗiye furostat ɗinta kan motse. A 1893 wani likitan Filadelfiya, William White, ya ɗauki wannan ya ce a riƙa cire wa tsofaffi 'ya'yan maraina. An yi wa mutane da dama, wasu suka samu sauƙi, amma mace-mace da ɓacin rai suka yi yawa, aka watsar. Tushen tunanin dai gaskiya ne, sinadarin mazakuta ne ke ciyar da tsokar. Fadojin ƙasar Hausa da na Barno sun taɓa riƙe babanni, haka ma fadar sarakunan Sin, kuma a 1960 likita Wu Jieping ya duba tsofaffin babannin Beijing su 26 da suka rage, ya tarar a yawancinsu tsokar ta motse har yatsa ba ya jin ta. Za mu sake haɗuwa da wannan sani, amma a cikin ƙwayar magani.

Aikin da ya canza komai da yatsa aka yi shi. Belfield a Chicago a 1886 da McGill a Leeds a 1887 sun gwada buɗe mafitsara ta mara suna tsinko abin da ya tsiro. Eugene Fuller na New York ya wallafa hanyar cire tsiron baki ɗaya a 1895. Amma sunan da ya bi duniya na Peter Freyer ne, mutumin Ayalan da ya shafe shekaru yana likitan soja a Indiya, inda ya goge wajen fasa tsakuwar mafitsara. A ƙarshen 1900, a asibitin St Peter's na Landan, ya tsaga marar wani dattijo, ya buɗe mafitsara, ya zura yatsa ya sami wata iyaka tsakanin tsiron da ɓawon da ya kewaye shi, ya bi iyakar nan ya ɓare tsiron ya fito da shi, kamar yadda ake raba tsokar lemo da ɓawonsa. Fuller ya yi ta ƙorafi cewa dabararsa ce aka ɗauka, kuma yana da hujja. Shi ma Freyer ya yi kuskure da ya ce duk furostat yake cirewa, alhali ɓawon yana nan. Amma ya iya aiki ya kuma iya talla, kuma zuwa 1920 ya yi wa mutum fiye da 1,600, waɗanda suka rasu kusan biyar cikin ɗari, adadin da a lokacin abin mamaki ne. Wahalar ba kaɗan ba ce, domin a buɗe ake barin mafitsara, fitsari da jini na tsiyaya ta mara makonni kafin ramin ya rufe. Harris na Sydney ya koya wa likitoci ɗinke wurin don tsai da jini, sannan a 1945 wani ɗan Ayalan ɗin, Terence Millin, ya nuna yadda za a isa ga tsokar ta bayan ƙashin mara ba tare da an tsaga mafitsara ba.

Wannan aiki na yanka har shugabannin ƙasa ya bi ta kansu. Shugaban Faransa Janar de Gaulle, wanda ya sauka Douala a watan Oktoba 1940 yana neman ƙasar da za ta tsaya masa, ya kai ziyara Meziko a watan Maris 1964 da robar fitsari a jikinsa, jama'a na ta tafi ba wanda ya sani. A watan Afrilu aka yi masa aiki a asibitin Cochin na Faris. Ya koma kan mulki ya ƙara shekara biyar.

Amurkawa kuwa wata hanya suka bi. Tunda akwai ƙofar da Allah ya riga ya yi, me ya sa za a fasa bango? Maximilian Nitze na Jamus ya ƙera madubin leƙa mafitsara a ƙarshen shekarun 1870. Hugh Hampton Young na asibitin Johns Hopkins ya yi wani ƙarfe mai gutsuro tsoka ta cikin bututun fitsari a 1909, ya yi wa hamshaƙin attajiri James Brady aiki da shi a 1912, attajirin ya ji daɗi ya gina masa cibiya sukutum. A 1926 Maximilian Stern ya fito da 'yar waya mai lanƙwasa da wutar lantarki ke bi, Joseph McCarthy ya haɗa ta da madubi mai kyau a farkon shekarun 1930. Da ita ake kankare tsokar sala-sala daga ciki ana ƙone bakin jijiyoyin jini, ruwa na gudana yana wanke wurin. A shekarun ne kuma Frederic Foley ya fito da roba mai 'yar balan-balan da ke riƙe kanta a mafitsara, wadda ita ce ake sa wa kowa yau. Da madubin Harold Hopkins da hasken kamfanin Karl Storz suka shigo a shekarun 1960, likita ya fara ganin abin da yake yi tar. Wannan aikin kankara, da aka fi sani da TURP, ya zama sarkin fage na rabin ƙarni. Yana da iyaka dai. Ruwan wankin da ba shi da gishiri yana iya shiga jini ya rikita majiyyaci in aikin ya daɗe, saboda haka ba a son a wuce awa guda sosai, kuma tsokar da ta haura giram 80 akan mayar da ita ga wuƙa.

Duk wannan zamani Kamaru na fama da wasu abubuwan. Likitancin mulkin mallaka ya sa gaba ne ga cututtukan da ke kashe ma'aikata da hana haraji. Eugène Jamot ya zauna Ayos tun 1922 yana yaƙi da ciwon barci, aka yi ta fama da kuturta da agana da zazzaɓin cizon sauro. Fitsarin tsoho ba ya cikin lissafi, tsofaffin ma ba su da yawa. Ƙasar ta samu 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo na Garwa. Wata huɗu da rabi bayan haka, ranar 16 ga Mayu, Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a duniya a wani ɗakin bincike a Malibu ta Kalifoniya, da ɗan sandan yaƙutu. Ba wanda ya san amfanin da za a yi da ita. Makarantar horar da likitoci ta Yawunde, CUSS, sai a 1969 aka kafa ta, Farfesa Gottlieb Monekosso na shugabanta, kuma ɗalibanta na farko suka fito a tsakiyar shekarun 1970. Aikin da suka koya suka kai asibitocin larduna shi ne na Freyer, domin ba ya bukatar komai sai wuƙa da zare da fitila da yatsa mai ilimi.

Kafin leza ta iso, ƙwayar magani ta riga ta. A 1974 likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da labarin wasu iyalai a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, inda ake haifar yara ana ɗauka mata ne, sai sun balaga mazakuta ta bayyana. Jikinsu ya rasa wani sinadari da ke sarrafa ruwan mazakuta zuwa nau'insa mai ƙarfi, furostat ɗinsu kuma ba ta girma har tsufa. Kamfanin Merck ya bi wannan sawu ya fito da finasteride a 1992, maganin da ke motsar da tsokar da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma sai an yi wata shida ana sha kafin a ga abin kirki. Abin da White ya nema da wuƙa ke nan, aka samu ba tare da an raba mutum da komai ba. A ɗaya ɓangaren, Marco Caine a birnin Ƙudus ya nuna a shekarun 1970 cewa akwai naman da ke ɗaure wuyan mafitsara wanda magani ke iya sassautawa, daga nan aka samu irin su tamsulosin, wanda Japan ta fitar a 1993. Shi cikin kwanaki yake aiki, sai dai yana sa jiri, kuma dattijon da ke sha ya yi hattara in zai miƙe daga sujada. Waɗannan magunguna sun rage yawan masu zuwa tiyata ƙwarai. Sun kuma jawo wani abu, wanda ya yi shekara goma yana shan magani in ya iso teburin aiki tsokarsa ta fi girma, shi kuma ya fi tsufa, sau da yawa ga hawan jini ga maganin tsinka jini. Ga irin wannan majiyyaci aka fi bukatar leza.

Leza haske ne mai launi guda tak da aka tattara shi wuri ɗaya, ana tura shi ta zaren gilashi siriri. Abin da zai yi a jiki ya danganta ga abin da ke shanye wannan launi. Gwajin farko, wanda Anthony Costello na Melbourne ya wallafa a 1992, da nau'in da ke nutsawa cikin nama sosai aka yi shi. Yana dafa tsokar ne, a bar ta ta mutu ta zube da kanta cikin makonni. Jini bai zuba ba, amma marasa lafiya suka sha raɗaɗi da doguwar zama da roba, aka yi ta guna-guni. Gyaran ya fito daga inda ba a zata ba, wani gari mai tashar jiragen ruwa a New Zealand da ake kira Tauranga. Can Peter Gilling da Mark Fraundorfer suka ɗauki lezar holmiyam, wadda ruwa ke shanye haskenta nan take, har ba ta shiga nama fiye da rabin milimita. Maimakon dafawa sai ta zama wuƙa mai yanka tana toshe jini. A tsakiyar shekarun 1990 suna yanka tsokar gunduwa-gunduwa da ita. Sannan suka lura bakin madubin da zaren na iya bin iyakar nan da ke tsakanin tsiro da ɓawo, su ɓare tsiron ɗungurungum su tura shi cikin mafitsara. Saura yadda za a fitar da ƙaton nama ta ƙaramar ƙofa, sai aka ƙera wani inji mai niƙa shi yana zuƙowa. A 1998 suka bayyana aikin da ake kira HoLEP.

Wato bayan kusan shekara ɗari an koma wurin Freyer. Iyakar da yatsansa ya lalubo ita ce dai hasken yake bi, tsiron da ya fitar shi ake fitarwa, bambancin kawai ba a tsaga mara ba. Shi ya sa aikin ba ruwansa da girman tsoka, ta giram 40 da ta 200 duk yana ɗauka, kuma da wuya a sake komawa aiki bayan shekaru. Yawanci kwana ɗaya ake yi da roba, a kwana ɗaya ko biyu a asibiti, ƙarin jini kuma sai nadiran. A daidai lokacin, a asibitin Mayo na Amurka, Reza Malek da abokan aikinsa suna gwada koriyar leza, wadda jan jini ke shanye haskenta, tana mai da nama tururi. Ita ta fi sauƙin koyo, ta kuma dace da masu shan maganin tsinka jini, amma ƙatuwar tsoka na ba ta wahala. Daga baya lezar tuliyam ta shigo. Ita ma tsohuwar wayar kankara ba ta zauna ba, an sake mata tsari ta yadda take aiki cikin ruwan gishiri, haɗarin nan na ruwa ya kau.

Shekarun da ake wannan ƙirƙira su ne shekarun da aljihun Kamaru ya fi ƙuna. Tattalin arziki ya karye tun tsakiyar shekarun 1980, aka zabge albashin ma'aikata a 1993, a watan Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi dare ɗaya, likitoci da dama suka tafi. Injin leza kuwa ba sayensa ne kaɗai tsada ba. Zaren yana ƙarewa, injin niƙa na son gyara, ana bukatar wutar da ba ta rawa, da injiniya a kusa, da jarkoki na ruwan gishiri mai tsabta a kowane aiki. Uwa uba hannu: likita na bukatar ya yi aiki talatin zuwa hamsin a gaban gwani kafin ya saki jiki, kuma ko a Turai wannan ne ya hana HoLEP yaɗuwa da sauri. Saboda haka har yau a ƙasashenmu na kudu da Sahara aikin yanka na nan da ransa, aikin kankara na samuwa a manyan asibitocin birane irin su Yawunde da Douala da Dakar da Kano da Sakkwato, leza kuwa sai tsirarun cibiyoyi, galibi masu zaman kansu. Masu hali su hau jirgi zuwa Indiya ko Tunisiya ko Faransa. Shirin kula da lafiyar kowa da gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar a watan Afrilu 2023 ya fara ne da ƙananan yara da masu juna biyu da masu wankin ƙoda da wasu cututtuka, don haka kuɗin aikin dattijo daga aljihun 'ya'yansa yake fitowa, ko karo-karon dangi da 'yan kasuwa. In aikin yanka ne a ƙara da neman masu ba da jini a madadin wanda za a ɗauko daga ma'ajiya.

A ganina, wanda ya ce maganin matsalar unguwa irin Briqueterie shi ne a sayo leza ya fara daga sama. Injin kankara na zamani a asibitocin gunduma, da likitocin da aka horar a kansa, da na'urar hoton ciki, za su fitar da mutane daga zaman roba fiye da leza guda a babban birni. Aikin yanka ma a hannun gwani ba abin raini ba ne, fitsarin da yake buɗewa bai gaza na leza ba, jinya ce ta fi tsawo. Inda leza ta yi zarra shi ne ƙatuwar tsoka a jikin mai rauni, kuma irin wannan majiyyaci ya fi yawa a wurinmu, saboda a makare ake zuwa. Kunya ce ke riƙe mutane. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya, ake durƙusa masa ana cewa Baba ko Alhaji, ba ƙaramin abu ba ne ya kwanta yaron likita sa'an ɗansa ya duba shi ta dubura da yatsa. Sai ya kira abin sanyi, ko basir, ya yi ta shan jiƙo. Sarki Charles na Ingila da aka yi masa aikin a watan Janairu 2024 ya sa an sanar wa duniya da gangan don maza su je a duba su. Mu a nan ko matar mutum sai ta gane da kanta.

Akwai kuma tambayar da ke cin dattawa a rai ba sa furtawa, wato iyali. Gaskiyar magana, kowanne daga cikin ayyukan nan, na wuƙa ko na waya ko na haske, yawanci ba ya taɓa ƙarfin namiji. Abin da yake canzawa shi ne fitar maniyyi. Wuyan mafitsara ya buɗe, sai ruwan ya koma ciki ya fito tare da fitsari daga baya, kuma wannan na samun kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka ɓare wa tsokar. Ba ya cutar da lafiya, amma yana rage haihuwa, kuma a al'ummar da mai shekara sittin da biyar ke iya zama da amarya yana fatan ƙaruwa, dole a faɗa masa tun kafin ya sa hannu a takarda. Bayan HoLEP wasu kan yi makonni, wasu 'yan watanni, fitsari na kufce musu in sun yi tari ko sun miƙe, kafin naman riƙewa ya farfaɗo. Mai kula da tsarkinsa ya kamata ya san da haka, kada ya ɗauka aiki ya ɓaci.

Ba kuma kowane ɗaurewar fitsari ne furostat ba. Tsohon ciwon sanyi na ƙuruciya kan bar tabo ya tsuke bututu, wanda ya taso a Arewa yana wanka a gulbi na iya ɗauke da ɓarnar tsargiya, ciwon sukari na kashe ƙarfin mafitsara, ga kuma kansar furostat, wadda ta fi tsananta a kan baƙar fata. Ita galibi a ɓawon take tsirowa, ɓawon da Freyer da Gilling duka suke bari, saboda haka wanda aka yi wa aiki bai fita daga sahun masu gwajin jini na PSA ba. Mai shan finasteride kuma ya gaya wa likita, domin maganin na rage lambar gwajin da kusan rabi. A nan ne ma lezar holmiyam ta ɗara koriya. Koriya tana ƙone naman ya tafi, ba abin da ya rage a duba, holmiyam kuwa, kamar wuƙa da wayar kankara, tana fito da shi a zuba a kwalba. A Yawunde dangi ne sau da yawa ke ɗaukar kwalbar da hannunsu su kai ɗakin bincike, irin na Centre Pasteur da ke Messa tun 1959, su biya, a ce su dawo bayan makonni. A wani kaso na irin wannan nama akan tarar da kansar da ba a zata ba, tun tana ƙarama. Da yawa in Baba ya samu sauƙi, fitsari ya dawo da ƙarfinsa, ba a komawa karɓar takardar.